Katunan kalmomin haushi da fushi na 'yan lesin ɗina: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 4 ga Janairu

Bismillah. Yau na fara haɗa katunan nan da na daɗe ina cewa zan yi ma yaran da nike ma lesin da yamma a zaurenmu nan Ƙofar Marusa, masu shirin JAMB da WAEC. Zan riƙa ajiye labarin aikin a nan don akwai malamai abokaina da suka ce in ya yi kyau su ma suna so.

Abin da ya sa na zaɓi kalmomin haushi da fushi su zama na farko, in aka zo tambayoyin nearest in meaning aka ja layi ƙarƙashin kalma irin infuriated sannan aka jero annoyed da enraged da disturbed da offended, sai ka ga yaro ya tsaya ya ƙura ma takarda ido, don a kanshi duka huɗun abu ɗaya suke nufi, ya ji haushi, shi kenan. Kuma ba laifinshi ba ne, ƙananan ƙamus ɗin aljihu da suke saye a kasuwa kusan duk make angry suke rubuta ma kowace. Alhali Use of English tambaya 60 ce cikin 180 na JAMB kuma babu mai tsallake ta ko likita zai karanta ko lauya.

Kashe kuɗin yau: kwali 8 a babbar kasuwa N2,400, maka kala huɗu N1,600, robar ɗaure kuɗi N200, acaɓa zuwa da dawowa N600.

Litinin, 6 ga Janairu

Na zauna da daddare na kasa kalmomin gida huɗu, kowane gida da kalar kwalinshi.

Rawaya na ƙaramin haushi ne, wanda za ka yi tsaki ka wuce: annoy, irritate, irk, bother, bug, peeve, nettle, rile. Ja na fushin da ya kai mutum ya harzuƙa har muryarshi na rawa, nan na sa enrage, infuriate, incense, madden, outrage. Kore kuma ba yadda ka ji ba ne, abin da wani ke maka ne da gangan ko da naci, su pester, nag, badger, harass, needle, provoke, goad, antagonize. Sai shuɗi wanda ni a ganina shi ne ya fi kowane muhimmanci don shi ba fushi ba ne sam, tashin hankali ne da rikicewa: unsettle, disturb, perturb, disconcert, unnerve, rattle, fluster, faze, agitate.

Akwai waɗanda suka ƙi zama ko'ina, exasperate, aggravate, upset, vex, gall, rankle da offend. Na ɗaure su da roba daban tukuna.

Gaban kati kalmar Turanci, baya kuma ma'anarta da Hausa da jimla ɗaya ta Turanci wadda ta shafi rayuwar yaran. Ba na son misalin dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Yanka da rubutu kawai. Na gama rawaya da rabin ja. Sanyi ya yi yawa yatsu ba su riƙe almakashi da kyau.

Asabar, 11 ga Janairu

Gwajin farko da yara. Tun kafin mu kai ga bambancin kalmomin wata matsala ta tare hanya. Na ce kowa ya yi jimla da annoy, wata yarinya mai ƙoƙari sosai ta miƙe ta ce I am very annoying today. Na ce me kike nufi, ta ce Malam ai haushi nike ji yau, ƙanina ya yaga mani littafi. Na ce to abin da kika faɗa shi ne ke ce mai ba mutane haushi yau. Aji ya kwashe da dariya, ita kuma ta rufe fuska da hijabi, sai da na tsawatar don ba na son a kashe mata gwiwa, kuma da na zagaya na duba littattafansu masu dariyar ma fiye da rabi haka suka rubuta.

Don haka duk lesin ɗin yau a nan ya ƙare. Mai -ed shi ne wanda abin ya sama, mai -ing shi ne abin da ya jawo. The noise is annoying, I am annoyed. The delay was infuriating, the passengers were infuriated. Muka yi ta maimaitawa har aka kira magariba. Na ƙara masu da cewa angry with ake cewa in mutum ne, angry about in wani abu ne ya faru, wannan bai ba su wahala ba tunda mu ma fushi da wane muke cewa.

Dole kowane kati ya samu layi na uku a baya mai nuna -ed da -ing. Waɗanda na riga na rubuta wurin ya yi kaɗan, sai dai in matse.

Laraba, 15 ga Janairu

Vex ta jawo gardama. Akwai yaro da ya taso a Legas wurin babanshi kafin su dawo gida, ya ce Malam wannan ai kowa ya san ta, no vex, I dey vex. Na ce ƙwarai a Turancin buroka haka take kuma babu laifi a wurinta, amma a Turancin jarabawa ba kai ke vex ba, wani abu ne ke vexing ɗinka, his behaviour vexed his father. Kuma su Turawan Ingila yanzu kalmar ta zame masu ta tsofaffi, an fi ganinta a rubutu, musamman a vexed question, wato batun da aka daɗe ana taƙaddama a kai an kasa warwarewa. Wannan ita ce za ta iya fito masu a comprehension su ɗauka tambayar ce ta yi fushi.

Daga nan muka gangara kan mad. A Amurka she is mad at me tana fushi da ni kenan, a Ingila kuma asalin ma'anar hauka ce, mu nan kuwa ka ce ma mutum you are mad ka san abin da zai biyo baya. Na ce masu su gane ta in sun ji a fim amma kada su sa ta a essay.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau an samu ɓarna. Na shimfiɗa katunan kore a kan tabarma ƙofar zaure don kowa ya ɗauki ɗaya, iskar hunturun nan ta taso lokaci guda ta kwashe su, wasu suka faɗa kwata, wasu yaran unguwa suka bi suna tsincewa suna gudu da su. Waɗanda muka samo ma makar ta jiƙe ta bi kwalin, rubutun Hausar baya ya zama dabbare-dabbare ba ya karantuwa. Na shuɗin da ba su faɗa ruwa ba su ma na lura gefensu ya fara laushi ya yi baƙi don hannu da yawa ke taɓa su ga man shafawa da kowa ke laftawa saboda sanyi.

Abin ya ci mani rai gaskiya, don koren nan su na fi ɓata ma lokaci. Pester naci ne irin na yaro mai son a sai mashi abu, nag mita ce ta wanda ke ta maimaita maka ka yi kaza ka yi kaza, badger matsa ma mutum lamba ne har sai ya yarda kuma asalinta sunan wata dabba ce, harass ta fi su nauyi don ita tsangwama ce da muzgunawa har tana kai mutum kotu. Needle tsokana ce da 'yan maganganu masu sosa rai. Goad asalinta sanda ce mai tsini ta kora shanu, shi ya sa ake cewa goad him into fighting, an yi ta zungurarshi har ya yi abin da bai yi niyya ba. Duk wannan sai an sake.

Na yanke shawara kwali da maka ba za su kai mu Afrilu ba. Za a buga a kwamfuta a fitar a yi laminatin. Kuɗi zai ƙaru amma babu yadda za a yi.

Talata, 21 ga Janairu

Na je Rafindaɗi gaida wani tsohon malaminmu na Turanci da ya yi ritaya tuntuni, na tafi mashi da ɗaurin nan na waɗanda suka ƙi zama ko'ina. Ya sa tabarau ya ɗauko tsohon ƙamus ɗinshi na Oxford na Hornby wanda bangon ya rabu an ɗinke da zare, ya fara da aggravate. Ya ce ɗana, wannan kada ka kuskura ka sa ta cikin haushi, ma'anarta ƙara tsananta abu, the dust aggravated his cough, ƙura ta ƙara mashi tarin, kuma kishiyarta alleviate. Na ce Malam Allah ya ƙara lafiya, ai Turawan da kansu suna cewa stop aggravating me. Ya ce suna cewa, kuma sun daɗe suna cewa, amma mai saita tambayar WAEC ba wannan yake nema ba. Mun daidaita a kan in rubuta tsanantawa da manyan baƙi a sama, ɗayar ma'anar kuma a ƙasa da alamar cewa ta hira ce. Ina ganin gaskiyarshi, yaro mai shiga jarabawa a fara ba shi wadda za ta kawo mashi maki.

Exasperate kuma ya ce takaici ne, kuma da ya faɗa na ji ta zauna daram. Haushin da ke zuwa bayan ka yi iya yinka abu ya ƙi gyaruwa, ka faɗa ka sake faɗa ba a ji ba har haƙurinka ya ƙare ka rasa abin yi. Ta fi annoy zafi amma babu hargowar infuriate a cikinta, mai ita sau da yawa hannu kawai yake watsawa ya yi ƙwafa.

Sai ya ja hankalina kan incense. Rubutu ɗaya kalma biyu. In ka danna gaɓar farko turaren wuta ne, in ka danna ta biyu fusata mutum ne matuƙa, kuma duka daga kalmar Latin ta kunna wuta suka fito. Ya ce irin wannan ne ake ɗana ma yara tarko da shi a tambayoyin stress. Zan riƙa rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan baƙi a kowane kati.

Na kai mashi lemu da ayaba na N1,500, acaɓa N500.

Asabar, 25 ga Janairu

Lesin da allo da alli kawai tunda babu kati. Upset ba ta ɗaukar -ed, babu wani upsetted. Harass r ɗaya s biyu, embarrass r biyu s biyu. Na kuma gaya masu embarrass kunya ce take sa mutum, ba cin mutunci ko wulaƙanci ba kamar yadda ake amfani da ita a bakin titi.

Laraba, 29 ga Janairu

'Yar yayata ke buga mani a laftof ɗinta, ni ina karantowa. Kati takwas a kowane shafi, gaba da baya. An ɗauke wuta tun safe cajin ya mutu muna tsakiyar ja, muka kai shagon caji N300. Ita ce ma ta ce Kawu me zai hana a sa ɗan akwati a ƙasan kowane kati yaro ya rubuta jimlarshi da kanshi, na ce wannan shawara ta yi, an sa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar takaici. Na kai aikin a filas wani shagon kwamfuta, layi ya yi yawa saboda masu harkar rajista, yaron shagon ya karɓa ya ce in dawo bayan la'asar. Da na dawo har ya fitar da duka ya yanka ya ɗaure. Ina buɗewa na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take ta koma ɗan akwati fanko. Ɓacin rai ya zama akwati-acin rai, harzuƙa ta zama harzu-akwati-a, kusan babu katin da ya tsira don Hausar fushi cike take da baƙaƙen nan masu lanƙwasa. Wai kwamfutarsu ba ta da irin rubutun da muka yi amfani da shi sai ta canza da nata. Na ce to ba ka duba ba kafin ka fitar da shafi ashirin da huɗu? Ya ce Malam ni Turancin na duba na ga lafiya lau.

Sannan gaba da bayan ma ba su hau juna ba, bayan enrage ya faɗo a kan irk, wanda in yaro ya haddace haka an cuce shi, don irk ɗan haushi ne da bai taka kara ya karya ba, enrage kuwa mutum ya hau dokin zuciya ne.

Mai shagon ya fito muka yi magana ta fahimta, ya ce a raba asara, na biya N1,800 maimakon N3,600. Wani da ke zaune a wurin ya ce in rubuta Hausar babu lanƙwasa mana kamar yadda kowa ke yi a waya. Ban yarda ba. Yaran nan da yawansu za su rubuta Hausa a WAEC da NECO, ba zan gyara masu Turanci in ɓata masu Hausa ba.

Maganin abin ashe sauƙi gare shi, a maida fayil ɗin PDF tun daga gida yadda babu abin da zai motsa, kuma a fitar da shafi ɗaya a ɗaga shi a hasken rana a ga gaba da baya sun hau kafin a saki sauran.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yara kaɗan suka zo, sauran suna can layin rajistar JAMB da gyaran NIN. Bita kawai muka yi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na fitar da shuɗi kaɗai a farar takarda don gwaji, N600, sun fito daidai alhamdulillah. Kuma yau ne lesin ɗin da ya fi mani daɗi tunda muka fara.

Na tambaye su wa ya taɓa zama gaban kwamfuta a jarabawar gwaji ya ga agogo na gudu a saman allo ya ji duk abin da ya karanta ya gudu. Kusan kowa ya ɗaga hannu. Na ce to wannan ba fushi ba ne ko? Suka ce a'a Malam, diriricewa ce. Na ce ita ce fluster, mutum ya daburce saboda sauri ko abubuwa sun mashi yawa, yana danna nan yana danna can. In kuma kana cikin natsuwarka wani abu ya faru ya girgiza ka, misali kwamfutar ta mutu ta dawo, daga nan ka kasa komawa daidai, rattle kenan. Unnerve ta fi su zurfi, gwiwa ce ta yi sanyi, ƙarfin halin ya tafi, kamar ka shiga intabiyu ka ga mutum biyar sun zuba maka ido babu mai murmushi. Disconcert abu ne ya zo maka ba yadda ka zata ba ya dagula maka lissafi na ɗan lokaci. Perturb damuwa ce da ta shiga rai. Unsettle kuwa hankali ne ya ƙi kwanciya, wani lokaci ma ba ka iya nuna takamaiman dalili, the silence in the house unsettled her. Agitate har a jiki ake gani, mutum ya kasa zama wuri ɗaya, kuma ita ce dai ake amfani da ita wa masu fafutukar neman haƙƙi, agitate for.

Faze na ce su lura da ita don sautinta ɗaya da phase amma ba su haɗa komai ba, kuma an fi jinta da korewa, it did not faze him, ko a jikinshi. Haka unperturbed ma ta fi yawo a jarida.

Abin da ya sa na nace a kan gidan nan, a nan suka fi zubar da maki. Yaro na ganin kalmar da ba ta da daɗi sai ya zaɓi angry, alhali mutumin cikin jimlar tsoro ne ya kama shi ko ruɗewa. Kuma ko bayan jarabawa, ma'aikaciyar jinya da za ta rubuta rahoto a kan mara lafiya dole ta san agitated daban da annoyed.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ƙaramin gwaji, tambaya 20 daga tsofaffin takardun JAMB da nawa na kaina. Shuɗi ya zauna masu sosai, ja ma haka. Rawaya ne har yanzu suke cakuɗawa, kuma ban damu can ba don su kansu kalmomin kusa suke da juna. Abin da na ƙara jaddadawa shi ne irritate tana aiki a jiki, ƙurar hunturu irritates the eyes, kuma ita ce irritation ɗin da suke gani a jikin kwalin magani da man shafawa. Annoy ba ta yin wannan aikin.

Da na zo kan nettle na ce wani tsiro ne a ƙasashen Turai mai ƙananan gashi da in ya taɓa fata sai zafi da ƙaiƙayi, wani yaro da ke zuwa daga wajen Batagarawa ya ce Malam kamar ƙaiƙayin gero ranar sussuka kenan. Na ce rubuta haka a akwatinka.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun ƙarasa ragowar ɗaurin. Rankle abin da aka maka ne tun tuni amma har yau in ka tuna sai ka ji yana ci maka rai, the insult still rankles. Gall asalinta matsarmama ce mai ɗacin nan, it galls me haushi ne mai haɗe da jin an raina ka ko an yi rashin adalci, he had the gall to ask kuma tsaurin ido ne. Offend ɓata ma mutum ne ta hanyar taɓa mutuncinshi ko abin da yake girmamawa, ko da ba da niyya ba. Outrage na barta a ja amma na ƙara bayani cewa galibi ta jama'a ce, fushin da ke sa a yi Allah wadai.

Sun roƙi in ƙara masu siffofi, na ba su furious, irate, livid, cross da indignant. Indignant ita ce ta wanda ke ganin an zalunce shi ko an mashi ƙazafi. Waɗannan za su zama gida na biyar, farin kati.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An fitar da duka a wani shagon daban wajen Ƙofar Ƙaura, na tsaya a kansu har aka gama. Takarda mai kauri mai kala da bugu N5,200. Laminatin shafi-shafi aka yi sannan muka yanka a gida don in aka ce kati-kati kuɗin ya ninka, N7,200. Saiti biyu ne, ɗaya na maza ɗaya na mata. Matsala ɗaya, biro ba ya kama ledar, akwatin jimlar da 'yar yayata ta kawo shawara ba ya rubutuwa yanzu, sai dai kowa ya kwafa a littafinshi. Wanda zai yi nashi ya bar bayan babu leda ko ya cire akwatin.

Jimillar abin da aikin ya ci zuwa yau N21,900. Iyayen yara uku sun kawo gudummawar N6,000 ba tare da na tambaya ba, Allah ya saka masu da alheri.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Azumi ya zo, lesin zai koma safiyar Asabar da Lahadi daga ƙarfe 8 zuwa 10 don yamma ba za ta yiwu ba. Saitin mata zai zauna wurin babbarsu su riƙa karɓa kwana bibbiyu, na maza a zaure.

Aiki na gaba kishiyoyinsu ne saboda opposite in meaning: pacify, placate, appease, mollify, soothe, calm, reassure, da alleviate ɗin da tsohon malaminmu ya ambata. Ba su kai waɗannan yawa ba, shafi shida zai ɗauke su, na ƙiyasta N3,500 har da laminatin. Malaman da suka ce suna so, PDF ɗin na nan, ku zo da filas ranar Asabar bayan lesin, kuma ku tabbata an fitar maku da shafi ɗaya kun duba lanƙwasar kafin a saki sauran.